Karayar ƙwauri da ta ci wata 22: nazarin lamarin wani matashin manomi

Wanda abin ya sama

Matashi ne ɗan shekara 27, manomi a wani ƙauye da ke gabashin Kano, da mace ɗaya da 'ya'ya biyu. Da damina yana gona, da rani yana haya da babur tsakanin ƙauyensu da kasuwannin mako. Nauyinsa kilo 62. Ba shi da ciwon suga, ba shi da sikila, bai taɓa kwanciya a asibiti ba. Yana shan sigari, kara biyar ko shida a rana. Mahaifinsa ya rasu, don haka duk wata babbar shawara a gidan baffansa ke yanke ta. An sakaya sunansa da na ƙauyen da na duk waɗanda suka yi masa magani.

Ƙashin da ya karye

Tsakanin gwiwa da idon sawu ƙashi biyu ne. Babban, wanda likitoci ke kira tibiya, shi ne ƙashin ƙwauri. In aka cire ƙashin cinya, babu wanda ya kai shi girma a jikin mutum, kuma kusan duk nauyin jiki a kansa yake idan an tsaya. Siririn da ke gefensa ta waje, wato fibula, abin da yake ɗauka bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Aikinsa riƙe tsoka da tokare idon sawu.

Duk wanda ya taɓa buga ƙwaurinsa da turmi cikin duhu ya san babu nama a wurin. Fuskar ƙashin ta gaba, wadda ta karkata ciki, fata ce kawai ta rufe ta tun daga gwiwa har idon sawu. Tsokar duk tana baya da gefe. Wannan ne ya sa a cikin dogayen ƙasusuwa ƙwauri ya fi yawan fasa fata idan ya karye.

Sai maganar jini. Babbar jijiyar da ke ciyar da ɓargon tana shiga ƙashin ta baya, can sama, sannan ta gangara. Idan karaya ta faru ƙasa-ƙasa takan tsinke ta, sai ɓangaren ƙasa ya dogara da 'yan ƙananan jijiyoyin da ke cikin tantanin da ya lulluɓe ƙashin, kuma nan ne tsoka ta fi ƙaranci. Ko karayar da ba ta fasa fata ba, aka kuma ɗora ta daidai, ga babban mutum takan ɗauki wata huɗu zuwa biyar kafin ta kama sosai.

Oktoba: hatsari da kwana ɗaya a asibiti

A makon ƙarshe na Oktoba, ana tsakiyar kaka, ya ɗauko buhun gero biyu zai kai kasuwa. Wata ƙaramar mota da ta sha kwana ta buge shi ta dama. Bambar motar ta sami ƙwaurin daidai, babur da buhunan suka danne ƙafar a gefen titi, inda turɓaya da kashin dabbobi suke. Waɗanda suka ɗaga shi sun ga tsinin ƙashi a waje. Wani ya ja ƙafar don ta miƙe, ƙashin ya koma ciki da duk abin da ya kwasa. Aka ɗaure wurin da rawani, aka sa shi a motar kasuwa.

Bayan awa uku ya isa asibitin ƙaramar hukuma. Raunin santimita 4 ne a gaban ƙwauri. Hoto ya nuna duka ƙasusuwan biyu sun karye, babban a wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙasa, da wani guntu mai kimanin santimita 3 da ya ɓalle ya tsaya shi kaɗai. Yatsu na da ɗumi, jijiya na bugawa a bayan ƙafa, yana jin taɓi ko'ina.

Likitocin ƙashi suna auna irin wannan karaya da tsarin da Gustilo da Anderson suka fitar a 1976: rauni ƙasa da santimita ɗaya mataki na farko, daga ɗaya zuwa goma mataki na biyu, abin da ya wuce haka ko ya ɓaci da datti mataki na uku. Ta girma, nasa na biyu ne. Ƙasar da ta shiga ciki ce ta tura shi na uku.

An yi masa allurar tetanus, an sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, an wanke abin da hannu zai kai, an tallafe ƙafar da rabin siminti ta baya. Likitan ya ce a cikin kwana guda ya kamata a shiga da shi tiyata, a buɗe raunin a wanke har ƙashi, a cire naman da ya mutu, a riƙe ƙashin da ƙarfe ta waje. Ba su da likitan ƙashi a asibitin. Manyan asibitocin ƙashi na tarayya da aka daɗe da sani uku ne, Igbobi a Legas, Inugu, da Dala a Kano. Ban da su akwai asibitocin koyarwa. Ya rubuta takardar tura su birni.

Baffan bai karɓi shawarar ba. Babu wanda ya iya gaya masa nawa za a kashe, kuma akwai wani ɗan ƙauyensu da aka kai birni da ƙafa biyu ya dawo da ɗaya. Wancan mutumin sai da ya yi mako biyu a ɗori ƙafar ta yi baƙi aka kai shi, amma a daren nan ba wanda ya tuna da wannan.

"Baffa, da dai an bi maganar likitan," in ji shi.

"Yaro, ƙashi ba aikin likita ba ne. Kakanka ma a gidan nan aka ɗora shi."

Da safe baffan ya dangwala yatsa a takardar fita ba da yardar likita ba.

Nuwamba zuwa Janairu: gidan mai ɗori

Mai ɗorin dattijo ne, gadon sana'ar ya yi, kuma ba a banza ya yi suna ba. Yara da yawa da suka faɗo daga bishiyar mangwaro sun bar gidansa da hannu miƙaƙƙe. Bai yanka kuɗi ba. Ya ce a ba da abin da ya sawwaƙa, saura sai an taka.

Maza uku suka danne majinyacin, dattijon ya ja ƙafar ya murza har ya ji ta zauna. Ya shafe ta da man shanu da garin magani, har cikin raunin, ya jera tsagin gora kewaye da ƙwaurin, ya naɗe da tsumma ya ɗaure tam, ya yi tofi. Sannan ya sa aka kamo zakara, ya karya masa ƙafa ya ɗora, ya ce ranar da zakaran ya taka, mai karayar ma ya kusa.

A dare na biyu ciwo ya tsananta fiye da ranar hatsarin. Yatsu suka kumbura suka yi sanyi, ko babban yatsa aka ɗaga sai ya yi ihu. Almajiran gidan suka ce ƙashi ne ke kamawa. Mahaifiyarsa ce ta je ta tsuguna a ƙofar ɗakin dattijon.

"Malam, don Allah a sassauta masa. Yaron nan tun yana ƙarami ba ya kuka a banza."

Ya sassauta kafin asuba. Da aka kwance, fatar ta yi bororo a wurare huɗu. Tsokar da ke tsakanin gwiwa da idon sawu a cikin ɗakuna huɗu take, kowanne da tantani mai tauri da ba ya miƙewa. Ƙafar da ta karye takan ci gaba da kumbura kwana biyu zuwa uku. Idan ɗauri ya hana ta wuri, matsin sai ya koma ciki ya toshe jini. Tsokar da ta rasa jini na wajen awa shida takan fara mutuwa, kuma ba ta dawowa. Shi dai ya tsira da ƙafar, amma tsokar da ke ɗaga yatsu ta raunana tun daga wannan daren.

A rana ta goma wari ya fara tashi, mugunya ta jiƙa tsumman. Aka sayo kafso a kemis, yana shan wasu, ana fasa wasu ana barbaɗa a raunin. Duk mako ana kwancewa, a gasa da ruwan zafi, a ja, a sake ɗaurewa.

Zakaran ya taka a mako na uku. Ba abin mamaki ba ne. Ƙashin tsuntsu kan kama cikin kimanin mako uku, zafin jikin kaza ya kai digiri 41, nauyin da ƙafar za ta ɗauka bai wuce kilo biyu ba, kuma fatarsa ba ta fashe ba. Ƙari a kan haka, abin da aka karya masa ba ƙwauri ba ne. Sashen nan mai ɓawo-ɓawo da ƙafar kaza ke tsayawa a kai, ƙasusuwan sawu ne suka haɗe suka yi tsawo. Ƙwaurin kaza na gaskiya shi ne wanda ke cikin tsoka a ƙarƙashin cinya, wanda mai cin nama ke tarar da wani siririn ƙashi kamar allura a manne da shi; wannan allurar ita ce fibular. Haka abin yake ga doki da saniya da akuya: gaɓar da ke lanƙwasa baya a ƙafarsu ta baya, wadda ake ɗauka gwiwa ce, ita ce daidai da idon sawun mutum, ƙwaurinsu yana samanta. A saniya da akuya ma siririn ƙashin ya kusa ɓacewa, sai ɗan tsiro a sama da ɗan guntu a ƙasa.

A mako na shida aka ce ya gwada tsayawa. Ya tsaya da sanda, ƙafar ta lanƙwashe a wurin karayar. Aka sake ja aka ɗaure. A mako na goma sha ɗaya aka sallame shi, aka ce saura a gida zai ƙarasa.

Fabrairu zuwa Afrilu: zaman gida

Raunin ya tsuke ya bar huji kamar bakin kwalba, mugunya na tsattsafowa ba dare ba rana. Wani lokaci hujin ya toshe, ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, bayan kwana biyu ko uku ya fashe, ya sami sauƙi. Sau biyu 'yan gutsattsarin ƙashi suka fito da kansu. Mai kemis ya yi masa allurai kala uku a cikin wata biyu. Kowane karo mugunyar takan ragu, mako guda bayan an daina sai ta dawo.

A Maris aka kai shi wurin wani mai ɗorin a wata jiha. Wannan ya ce ɗorin farko ne ya karkace, ya sake karya abin da ya ɗan liƙe ya ɗora. Mako biyar ya yi a can. Da ya dawo, idan ya ɗaga ƙafar, ƙasanta lilo yake yi ba tare da wani ciwo mai yawa ba. Zaman banza ya sa sigarin ya kai kara goma a rana. A wannan tsakanin aka sayar da ragowar babur ɗin da tumaki uku.

Ƙanen matarsa, wanda ke karatun aikin jinya, shi ya ɗauki hoton ƙafar da waya ya nuna wa wani malaminsu. Amsar da ya dawo da ita ce ta sa baffan ya sauko: ƙafar da yatsunta ke da ɗumi kuma tana jin taɓi, ba a cika yanke ta ba.

Mayu: abin da aka tarar, wata bakwai da hatsarin

A wani asibitin koyarwa aka karɓe shi. Ƙafar dama ta gaza ta hagu da santimita 3. Ƙwaurin ya karkata da digiri 20. Huji ɗaya a gaba, fatar da ke kewaye da shi ta yi baƙi ta manne da ƙashi. Idon sawu ya sandare, tafin ƙafa na kallon ƙasa. Jijiyoyin jini biyu na ƙafar suna bugawa. Nauyinsa ya sauka zuwa kilo 54, awon jini ya nuna 29 cikin 100 inda ake son 40 ko sama ga namiji.

A hoto, bakunan ƙashin biyu sun tsuke sun yi tsini, babu alamar sabon ƙashi a tsakaninsu. Guntun nan da ya ɓalle tun ranar farko yana nan, ya fi sauran ƙashin haske, alamar ya mutu. Siririn ƙashin kuwa ya kama abinsa, a karkace.

Aka shimfiɗa musu hanyoyi. Ƙarfen da ake zurawa cikin ɓargo, wanda shi aka fi yi wa sabuwar karayar ƙwauri, ba zai yiwu ba, domin zai kwashi cutar ya raba ta tsawon ƙashin. Saura biyu: a yanke ƙasa da gwiwa a sa ƙafar roba, ko a bi doguwar hanya, tiyata fiye da ɗaya da shekara guda ko fiye da ƙarfe a ƙafa. Wannan karon shi aka tambaya, ba baffan ba. Ya zaɓi doguwar. An gindaya masa sharaɗin barin sigari, domin sinadarin da ke cikin taba yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, kuma sabon ƙashi da su yake rayuwa. Ya ce ya bari. Aka yi mako uku ana gina jikinsa da abinci da maganin ƙarin jini.

Yuni zuwa Yuli: tiyatar farko

An buɗe wurin, an cire mataccen guntun, an kankare bakunan ƙashin da kimanin santimita ɗaya kowane gefe, an riƙe ƙafar da ƙarfe mai sanda ɗaya ta waje. Likitocin sun so su bar ƙashi gwargwadon iko, da fatan in cutar ta mutu a cike ɗan giɓin da dashen ƙashi kawai. Naman da aka aika ɗakin gwaji ya nuna ƙwayar sitafilokokas, wadda ita ce ta fi yawan haddasa ruɓar ƙashi, kuma irin da ba ya jin kafson da ya yi watanni yana sha. Aka sauya magani, mako biyu ta jijiya, saura ta baki.

Mako huɗu wurin ya bushe. A na biyar, ɗinkin ya buɗe ta ƙasa, mugunya ta dawo. Matarsa ce ta faɗa wa ma'aikaciyar jinya cewa bai bar sigarin ba, ragewa ya yi.

Agusta zuwa Satumba: tiyata ta biyu da zobba

Wannan karon ba a yi rowa ba. An riƙa yanka ƙashin kaɗan-kaɗan daga kowane gefe har sai da fuskarsa ta fara fitar da ɗige-ɗigen jini, wanda shi ne shaidar an iso mai rai. Giɓin da ya rage santimita 6 ne. An yanke siririn ƙashin da ya kama a karkace don a sami miƙe ƙafar. An cire baƙar fatar, an juyo lafiyayya daga gefe aka rufe wurin. Sannan aka ɗaura masa zobba huɗu na ƙarfe kewaye da ƙafar, kowanne riƙe da ƙashi ta siraran wayoyi da suka ratsa daga gefe zuwa gefe aka ɗame su, da sanduna masu zare da suka haɗa zobban.

Na'urar ta wani likita ce na Tarayyar Sobiyet, Gavriil Ilizarov, wanda ya ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1950 a garin Kurgan na yankin Saiberiya. Abin da ya gano shi ne, in aka yanka lafiyayyen ƙashi a hankali, ba tare da an lalata tantaninsa ba, aka riƙa raba bakunan da milimita ɗaya a rana, jiki zai riƙa cike tsakanin da sabon ƙashi. Shekaru ya yi ba a kula shi ba, sai a 1968 da ya yi wa Valeriy Brumel aiki, zakaran tsallen sama da ya ci zinare a gasar Olamfik ta Tokiyo a 1964. Shi ma hatsarin babur ne ya farfasa masa ƙwauri a 1965, aka yi ta tiyata ba nasara. Turai ta yamma ta san hanyar ne bayan 1980, lokacin da Ilizarov ya warkar da ƙwaurin wani ɗan yawon duniya na Italiya, Carlo Mauri.

An jira mako shida ana magani. Wurin ya bushe, awon jini ya nuna cutar ta lafa. A ƙarshen Satumba aka koma tiyata aka yanka ƙashin can sama, ƙasa da gwiwa kaɗan, inda jini ya wadata. Shirin shi ne a riƙa jan tsakiyar ƙashin ƙasa har ya rufe giɓin, sabo yana tsirowa a bayansa. Don wannan mataki aka sayar da shanun huɗa guda biyu, aka jinginar da gona ɗaya.

Oktoba zuwa Disamba: milimita ɗaya a rana

Kwana bakwai bayan yankan aka fara. Aka ba shi sifana lamba 10. Zagaye ɗaya na noti milimita ɗaya ne, kuma ba a yin sa gaba ɗaya, sai a raba huɗu. Shi ba mai agogo ba ne, don haka aka ɗaura masa abin da lokutan da ba ya mantawa: kwata bayan Asuba, kwata bayan Azahar, kwata bayan Magariba, kwata kafin barci. Aka shafa jan fenti a gefe ɗaya na kowane noti don ya san inda ya tsaya. Aka ce ya riƙa taka ƙafar da sanduna biyu, domin nauyi na ƙara wa sabon ƙashi ƙwari. Duk mako biyu ya zo hoto.

Mako ukun farko lafiya lau. A zuwa na biyu, hoto ya nuna ya ja santimita 3.5 inda ake sa ran 2.8, kuma sabon ƙashin ya sirance a tsakiya. Kuɗin mota ne ya ishe shi, ya lissafa cewa in ya ninka juyin zai rage zuwa. Abin kamar jan alewa ne, in aka yi gaggawa tsakiyar ce ke sirancewa ta tsinke. Aka sa shi ya mayar da notin baya milimita 4, ya huta kwana goma, sannan ya ci gaba da rabin milimita a rana na mako biyu kafin a koma ɗaya. Gaggawar ta ci masa kimanin mako biyu.

Da hunturu ya shigo da ƙura, bakin waya biyu suka yi ja suna ruwa. Ɗaya ta lafa da wanki da magani na kwana bakwai, ɗayar sai da aka zare ta aka sa wata a gefe. Matarsa ta ɗinka wa zobban riga da tsohon zane, tana wanke bakin wayoyin kullum da tafasasshen ruwa da gishiri. Likitan gashin ƙashi ya haɗa masa madauri da robar taya daga zobe zuwa tafin ƙafa don kada idon sawun ya ƙara sandarewa. A wannan lokacin ne ya bar sigari da gaske.

A tsakiyar Disamba guntun da ake ja ya iso ya dafa bakin ƙasa.

Janairu zuwa Maris: mahaɗar da ta ƙi kamawa

Sama, sabon ƙashin yana ta yin kauri a kowane hoto. Ƙasa, inda bakunan biyu suka haɗu, shiru. An matse su da noti wata uku, layin karayar yana nan yadda yake. Wannan sananniyar matsala ce a irin wannan aikin: bakin da ya yi watanni yana ratsa nama kan iso da tabo a kansa, ga shi wurin ne mafi ƙarancin jini a duk ƙashin. A Maris aka buɗe, aka kankare tabon, aka ɗebo ƙashi mai laushi daga ƙugunsa aka cusa kewaye da mahaɗar. Gwajin naman da aka ɗauka a ranar bai nuna cuta ba.

Yuli zuwa Agusta: cire ƙarfe

A Yuni hoto ya nuna mahaɗar ta kama, sabon ƙashin sama ya yi ɓawo ta kowane gefe. Aka sassauta sandunan aka bar shi ya yi mako uku yana takawa, don a ga ko ƙashin zai ɗauki nauyin da kansa. Bai ji ciwo ba, bai lanƙwashe ba. A Yuli aka cire zobban, bayan wata 11 a ƙafarsa. Ya yi mako shida da siminti mai barin gwiwa ta lanƙwasa.

A ƙarshen Agusta, wata 22 da hatsarin, ga yadda yake: yana tafiya ba sanda, da ɗan ɗingishi. Ƙafar ta gaza ɗayar da santimita 1.5, an ƙara wa takalminsa tsawo. Ƙwaurin a miƙe yake, babu huji, babu mugunya. Idon sawu yana motsi kimanin rabin na hagu. Ba ya iya tsugunno sosai, a zaman tahiya miƙe ƙafar yake yi. Babban yatsa ba ya ɗaguwa. Yana noma rabin yini. Damina biyu ta wuce shi, gonar da aka jinginar ba a fanso ta ba tukuna. Duk wata shida zai riƙa komawa asibiti, domin ruɓar ƙashi kan yi shekaru a kwance sannan ta farka.

Abin da ya gaza, abin da ya yi aiki, da dalili

A ganina ba karayar ce ta ci wata 22 ba, raunin santimita 4 ne. Da ƙashin bai fasa fata ba, akwai yiwuwar ya kama a gidan dattijon, ko da da ɗan karkata, kamar yadda siririn ƙashin da ke lulluɓe da tsoka ya kama duk da jan da aka yi ta yi masa. Abin da ɗori ba shi da maganinsa shi ne ƙasar da ta koma ciki tare da ƙashi. Man shanu da tsumma sun rufe ta a wuri mai ɗumi, kwance-ɗauren kowane mako kuma yana karya ɗan abin da ya fara liƙewa. Ɗaurin dare na biyu shi ne mafi hatsari a duk labarin; 'yan awoyi ne tsakaninsa da rasa ƙafar, kuma mahaifiyarsa ce ta cece shi.

Kafso da allurai sun gaza don dalili ɗaya: magani ta jini yake tafiya, mataccen ƙashi kuwa jini ba ya zuwa masa. Ƙwayoyin cutar kan manne a jikinsa su lulluɓe kansu da wani yauƙi, magani ya kashe na waje, na ciki su jira. Tiyatar farko ma a nan ta faɗi. Niyyar tattalin ƙashi mai kyau ce, amma an bar wanda ba shi da rai, aka yi asarar wata biyu da kuɗin tiyata guda. Ta biyu ta yi nasara don an yarda a yi babban giɓi, tun da akwai hanyar cike shi daga sama inda jini yake.

Asibitin farko ya yi abin da ke hannunsa, amma akwai abin da ya rage. An gaya wa baffan abin da za a yi, ba a gaya masa abin da ba za a yi ba. Tsoronsa yankewa ne da kuɗin da ba a san iyakarsa ba, kuma jimlar da ta sauko da shi bayan wata shida, cewa ƙafa mai ɗumi da jin taɓi ba a cika yanke ta ba, gaskiya ce tun a daren farko. Tiyatar da aka guje wa a Oktoba ɗaya ce ko biyu. Waɗanda aka yi daga baya, har da cire ƙarfe, biyar ne.

Saura tambayar da ma'aikatan sashen ƙashi na asibitin koyarwar suka yi ta ja-in-ja a kai: shin yankewa a Mayu ba ta fi masa sauƙi ba? Ta lissafin lokaci, ta fi. Da cikin 'yan watanni ya tashi da ƙafar roba, da bai rasa damina ta biyu ba, wataƙila da shanun suna nan. Amma ƙafar roba ana sauya ta duk bayan 'yan shekaru, ba ta son laka da ruwan fadama, kuma mai gyara ta a birni yake. Ga ɗan shekara 27 da jijiyoyinsa ke bugawa, tafin ƙafarsa ke jin ƙasa, kuma yake da matar da za ta wanke bakin waya kullum na wata 11, ina ganin zaɓin da ya yi ya dace da shi. Ga mai shekara 60 da ciwon suga, ko wanda ya kasa barin taba, da shawarar da sashen zai bayar ta yankewa ce.